Dokta, me ya sa ba ku zama a ƙauye, kuma wa ke yi mana magana?

"Assalamu alaikum dokta. Ni mushen lakwal ne a wani gari can arewacin jihar Damagaram, kuma ina cikin kwamitin da ke kula da likitar garinmu. An taɓa aiko mana dokta, muka yi murna har da yanka rago, bai cika shekara ba ya koma birni, yanzu daga majo, wato babban malamin jinya, sai ungozoma guda. Bara matar ƙanena ta sha wuyar naƙuda, kafin a samu mota a kai ta inda ake opirasiyo ɗan ya rasu a ciki. Ni abin da ke ci mini rai, ba mu jin muryarku ku daktoci sai in za ku shiga yajin aiki a kan albashi. Shin kuna da wata ƙungiya da ke yi wa mutanen ƙauye magana gaban gwamnati? Kuma na ji a rediyo ana cewa likitan iyali, mene ne shi, zai amfane mu? Mu kuma a namu gefen me za mu iya yi?"

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai ina yi muku gaisuwar rashin da aka yi, Allah ya sa mai ceto ne, ya ba uwar lafiya, ya ba ta rayayye. Na karanta saƙonka sau biyu kafin in fara rubutu saboda ya taɓa ni, ni ma na yi zaman ƙauye shekara uku a farkon aikina kuma ni ma na taso na dawo birni, don haka tambayar taka ba daga gefe nake kallonta ba, ina cikin waɗanda ake tambaya.

In na fahimce ka, abu uku ka haɗa: me ke korar dokta daga ƙauye, wane ne likitan iyali, kuma wa ke ɗaukar kukanku zuwa inda ake yanke shawara. A ganina duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Dokta ba ya zama a ƙauye don an roƙe shi, ba ya kuma zama don an tilasta shi, yana zama ne in an gyara wurin yadda zai iya aikin da ya koya kuma ya rayu da iyalinsa, kuma wannan gyaran ba ya zuwa sai wani ya tsaya ya nema da hujja a hannu, yau da gobe, ba ranar yajin aiki kaɗai ba.

Yadda aka shimfiɗa abin a takarda

Tsarinmu na lafiya a Nijar hawa-hawa ne. Can ƙasa akwai ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye da muke kira kaz, waɗanda aka gina da yawansu zamanin marigayi shugaba Tandja, sama da su sai CSI irin ta garinku wadda mutane ke ce wa likita kawai, inda majo ke shugabanci, sai asibitin gunduma inda ya kamata a ce akwai ɗakin opirasiyo da ƙarin jini, sai kuma manyan asibitoci irin babban asibitin ƙasa na Damagaram da cibiyar kula da uwa da yaro. Jiharmu gundumomin lafiya 11 gare ta, daga birnin Damagaram da Mirya da Magariya da Dungas da Matamai da Takeita har su Gure, Damagaram Takaya, Tanut, Balbeji da Taskar. Ƙidayar 2012 ta ba mu mutum sama da miliyan uku da rabi, mun fi kowace jiha yawa a lokacin, kuma kai da kanka ka san tun daga 2012 ɗin an yi haihuwa ba kaɗan ba.

A takarda abin ya tsaru, wanda ya fi ƙarfin kaz a tura shi CSI, wanda ya fi ƙarfin CSI a tura shi gunduma. Amma takarda ba ta san rairayi ba. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, Gure ta fi haka, kuma wannan a kan kwalta kenan, wanda ke cikin daji sai ya fara cin nasa tafiyar a amalanke ko bayan moto kafin ya ga kwaltar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa faɗa a 2006 cewa ƙasa na buƙatar aƙalla ma'aikata 23, daktoci da malaman jinya da ungozomomi a haɗe, ga kowane mutum dubu goma, daga baya ma a 2016 ta ɗaga ma'aunin zuwa kusan 45. Mu muna can ƙasa da nisa, kuma ɗan abin da muke da shi ma bai rabu daidai ba, mafi yawan ƙwararru suna Yamai, saura kuma suna manyan biranen jihohi. To ka ga garinku ba shi kaɗai ba ne.

Abin da ke korar mu

Bari in ba ka labarin dare ɗaya, don in na ce maka "rashin kayan aiki" kawai ba za ka ga abin da nake gani ba. Cikin damina ne, wajen ƙarfe ɗaya na dare aka buga mini ƙofa, an kawo wata yarinya haihuwar fari, shekarunta ba su wuce goma sha bakwai ba, kwana biyu tana naƙuda a gida. Na sa hannu na duba na san nan take kan ɗan ba zai wuce ba, aiki take buƙata, kuma aikin na iya shi, na taya an yi shi ba sau ɗaya ba lokacin da nake karatu. Amma ba ɗakin aiki, ba mai sa barci, ba jini, batirin sola ya mutu tun magariba, fitilar salula na cije a baki ina ɗaura mata ƙarin ruwa. Na kira motar asibiti aka ce akwai mota ba mai. Mijin ya fita cikin ruwan sama yana buga ƙofofin dangi ana haɗa jika-jika, uwar yarinyar tana zaune ƙasa bakin ƙofa ta riƙe ƙafata tana cewa dokta ka yi wani abu. Sai bayan asuba motar ta iso. Yarinyar ta rayu, ɗan bai rayu ba, kuma bayan wata biyu ta dawo mini da yoyon fitsari, mijin ya riga ya mai da ta gidan iyayenta.

Malam wallahi irin wannan daren shi ke korar dokta fiye da ƙarancin albashi. Ka kwashe shekara bakwai takwas kana karatu, sa'an nan ka tsaya kana kallon abin da ka san maganinsa yana cin mutum a gabanka, gobe kuma a maimaita. Akwai ranar da za ka ce wa kanka to me nake yi a nan wanda majo ba ya yi.

Sai kuma kaɗaici na aiki. A babban asibiti in abu ya shige maka duhu ka leƙa ofishin na gaba da kai ka tambaya, a daji kai ne na gaba kai ne na baya, ba hutu, ba ranar Lahadi, duk wanda ya faɗi kai za a taso, in ka yi tafiya kwana uku jana'izar mahaifinka ba wanda zai tsaya maka. Ga tsoron da kowane matashin dokta ke ɗauke da shi, wato a manta da shi. Abokan karatunka da suka zauna birni su suke fara jin labarin jarrabawar shiga karatun ƙwarewa, su ke kusa da malamai, su ke samun taron ƙara ilimi, kai sai an gama ka ji. Bayan shekara biyar su sun zama ƙwararru kai kana nan inda aka aje ka, kuma ba wata doka mai ƙarfi da ta ce wanda ya yi zaman daji shi za a fara ba dama.

Da yawa daga waɗanda ake turo muku ma ba su da lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati, wani bautar ƙasa yake yi, wani ɗan kwantaragi ne, wani ƙungiyar agaji ce ke biyan shi kuma ranar da aikinta ya ƙare kuɗin sun ƙare. Mutumin da bai san makomarsa ba bayan wata shida ba zai kawo matarsa ya kafa gida ba. In ma ya so kawowa, ina gidan? ina ruwan? matar in ma'aikaciya ce ina za ta yi aiki, yara in sun gama firamare ina za su? Kai mushe ne, wannan ɓangaren ba sai na yi maka dogon bayani ba, ciwonmu ɗaya da ku.

Ni abin da ya taso ni a ƙarshe haihuwar matata ce. Da cikinta ya tsufa na dubi ɗakin da nake karɓar haihuwar matan mutane na ga ba zan iya barin tawa ta haihu a nan ba, na kai ta birni, kuma tun daga ranar zuciyata ta fara rabuwa da wurin. Har yau abin yana damuna, saboda matan da na bari ba su da wani birnin da za a kai su.

Ba zan ɓoye maka ba kuma, akwai waɗanda tun farko ba su da niyyar zuwa, takardar tura su na fitowa sai a fara neman wani babba ya sa baki, kafin wata guda an canza. Wannan ma gaskiya ce kuma mu muka fi kowa sanin masu yin ta.

Likitan iyali

Shi likitan iyali ba wai likitan gidan masu kuɗi ba ne kamar yadda sunan ke iya sa a zata. Dokta ne da bayan ya gama karatun likitanci ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, amma maimakon ya ƙware a ido kaɗai ko zuciya kaɗai, sai ya ƙware a kula da mutum gaba ɗaya da gidansu gaba ɗaya, jariri da mai ciki da tsoho mai hawan jini da mai ciwon suga da mai farfaɗiya da wanda damuwa ta kama, kuma ya daɗe tare da su har ya san wane gida ne ke da sikila, wace unguwa ce rijiyarta ke kawo zawo. Suna da ƙungiyarsu ta duniya mai suna WONCA tun 1972, a Amurka tasu ƙungiyar ta kafu tun 1947 kuma wani babban ɓangare na aikinta shi ne zirga-zirga a majalisa a kan dokokin lafiya da neman a tallafa wa masu aiki a karkara. Nan kusa da mu a Najeriya fanni ne da ake karantawa a ba da shaida, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashensa. Mali ma sun buɗe wannan karatun a Bamako.

A nan gida kuwa aikin muna yin sa ko da sunan bai zauna ba. Duk dokta gama-gari da ke asibitin gunduma ko CSI aikin likitan iyali yake yi, har da ƙari. Abu mafi kusa da shi da aka yi a ƙasar nan wanda na ga amfaninsa da idona shi ne horon tiyatar gunduma da aka fara wajen 2005, a ɗauki dokta gama-gari a koya masa fiɗa ta gaggawa, ciro ɗa, ƙaba da ta shaƙe, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, sa'an nan a tura shi gunduma. Inda aka haɗa shi da mai sa barci da wuta da jini, matan da da sai an kai su Damagaram a nan ake cetonsu.

To zai amfane ku? Sosai ma. Amma ina jan hankalinka, suna kaɗai ba ya aiki. In aka ba mutum shaidar likitan iyali aka jefa shi ɗakin da na ba ka labari, shi ma fitila zai cije a baki. Amfanin mai da shi fannin ƙwarewa shi ne a daina kallon zaman gunduma a matsayin wurin jira kafin mutum ya zama "cikakken" dokta, ya zama shi ma matsayi ne mai girma da albashi da ci gaba, yaro ya iya cewa ni abin da nake so in zama kenan ba tare da abokansa sun ga kamar ya kasa ba.

Wa ke magana, kuma a kan me

Ƙungiyoyi akwai. Akwai SYNPHAMED ta daktoci da masu haɗa magani da likitocin haƙori, akwai SMES ta ƙwararrun likitoci, akwai SUSAS da ta tara malaman jinya da sauran ma'aikatan lafiya, sa'an nan akwai majalisar likitoci ta ƙasa wadda ita aikinta kula da ƙa'ida da ɗa'ar sana'a ne. Sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, an kafa ta ne don kare haƙƙin ma'aikaci, ba laifi ba ne ta yi maganar albashi, kuma in ka duba takardun koke da suke miƙawa za ka tarar sau da yawa akwai maganar ɗaukar sababbin ma'aikata da kayan aiki a ciki, waɗannan kuwa kai tsaye ku suka shafa. Amma zarginka yana da tushe Malam, ba zan kare mu ba. Muryarmu ta fi ƙarfi ranar da abin ya taɓa aljihunmu, kuma shugabannin ƙungiyoyin da masu halartar taro galibi mazauna birni ne, wanda ke can bayan Tanut ba shi da wanda zai bar wa marasa lafiya ya yi tafiyar sama da kilomita dubu zuwa Yamai don taro. Shi ya fi kowa sanin inda ɗakin ke yoyo, shi ne kuma ba a jin ta bakinsa. Ranar yajin aiki kuma, ko da an bar masu kula da gaggawa, talaka ne ke komawa gida da takardarsa a hannu, mai hali ya wuce asibitin kuɗi.

Wasu abokan aikina suna cewa mu ba 'yan siyasa ba ne, namu duba mara lafiya. Ni ban yarda da wannan ba. Dubi maganar magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da aka fara a 2006, da ciro ɗa kyauta da ya riga shi kaɗan. Doka ce mai kyau, uwaye sun fito da yaransu ba kamar da ba. Amma tsarin shi ne asibiti ya yi aikin ya cika takardu sa'an nan a biya shi daga baya, biyan kuma ya riƙa makara har bashi ya taru, kantin maganin CSI ya bushe, uwa ta zo an ce mata kyauta ne sai a rubuta mata takarda a ce je ki saya a waje, ita kuma ta tafi da zaton majo ne ya ci. Wa ya fara ganin wannan? Mu da majo. In mu ba mu faɗa ba wa zai faɗa? Haka ragin rabin kuɗin asibiti da haihuwa kyauta da gwamnati ta fara a Satumban 2024, sauƙi ne babba ga talaka kuma na yi murna da shi, amma aikinmu ne mu riƙa bin sawu muna faɗin gaskiya ko giɓin da ragin ya bari a asusun ƙananan asibitoci ana cike shi a kan lokaci, don kada a maimaita ta baya. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, mu da mafi yawan ƙasashen ba mu kai ba, tunatar da wannan ba adawa ba ce.

Kuma an ga inda irin wannan tsayuwar ta yi aiki. A Tailan daktocin karkara sun kafa ƙungiyarsu a 1978, matasa ne da aka tura asibitocin gunduma suka ga abin da muke gani, suka riƙa haɗuwa suna tattara bayanai, suna tona asirin almundahanar sayen magani, wasunsu suka shiga ma'aikatar lafiya suka hau, kuma daga cikinsu ne aka samu irin su Dokta Sanguan da suka tura har ƙasar ta kafa inshorar lafiya ta kowa da kowa wajen 2002. Fiye da shekara ashirin suka yi suna abu ɗaya.

Wanda ya fi kama da mu shi ne na Mali. Tun 1989 wata ƙungiya mai suna Santé Sud ta fara taimaka wa matasan daktoci su zauna ƙauye, a ba su horo na musamman kafin su tafi, a haɗa su da wani tsohon hannu, a ba su kayan aiki da sola da moto, su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar lafiya ta mutanen garin. Daga baya su da kansu suka kafa ƙungiyar likitocin karkara, suna haɗuwa lokaci-lokaci su baje matsalolin da suka gamu da su, su koya wa juna. Ba duka suka dawwama ba amma da yawa sun yi shekaru, kuma abin da ya fi burge ni shi ne sun mai da "likitan ƙauye" suna da mutum ke faɗa da alfahari.

In da za a ce in zaɓi abin da ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙe su ƙi saki, na farko shi ne wa ake ɗauka karatun likita kuma a ina ake koya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2010 ta sabunta su a 2021 a kan riƙe ma'aikata a karkara, kuma abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne yaron da ya tashi a ƙauye ya fi komawa ƙauye aiki, haka wanda aka horar kusa da gida. Tailan sun yi haka tun 1994, Kanada ta buɗe makarantar likita a arewacin Ontariyo a 2005 da wannan manufar. Mu yanzu Alhamdu lillahi ba sai Yamai ba, jami'ar André Salifou ta nan Damagaram tana horar da likitoci, ta Maraɗi ma haka, ga makarantar ma'aikatan lafiya ta ENSP da ta daɗe a garin nan. Abin nema shi ne a ware gurabe da tallafin karatu ga 'ya'yan Gure da Tanut da Dungas da Balbeji, musamman 'yan mata, kuma ɗalibi ya yi watanni a asibitin gunduma kafin ya gama ba yawon sati biyu ba. Na biyu a rubuta a doka kuma a cika: ka yi shekara kaza a wuri mai wuya, kai ke gaba wajen samun lambar aiki da karatun ƙwarewa, kuma ranar da wa'adinka ya cika za a canza ka ba sai ka san wani ba. Mutum yana iya jure wuya in ya san ranar fita. Kuɗin zaman daji su ma a ƙara su yadda za a ji su a aljihu kuma su zo a kan lokaci, amma ni na sa su a baya da gangan, kuɗi suna kai mutum wuri, ba su cika zaunar da shi ba. Tilas kuma, irin shekara guda da Afirka ta Kudu ta ɗora wa sababbin daktoci tun 1998, tana cike gurbi amma kullum sabon hannu ne ke zuwa yana ƙirga kwanaki.

Sai abin da ba a so daktoci su faɗa: ba kowace CSI ce za ta samu dokta nan kusa ba, ko an so. Saboda haka duk maganar da za mu yi in ba ta haɗa da majo da ungozoma da ma'aikacin kaz da masu bi gida-gida ba, maganar kanmu muke yi. Su ke riƙe da karkara. Dubi rabon maganin rigakafin masassara da ake yi wa yara duk damina, ko yadda aka koya wa uwaye a Mirya auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zaren awo mai launi su gane tamowa tun ba ta yi nisa ba, ba dokta ke yin waɗannan ba kuma sun ceci rayuka masu yawa.

Naku gefen

Kuna da ƙarfi fiye da yadda kuke zato, kuma kai da ke cikin kwamiti kuma ka iya rubutu kai ne a daidai wurin. Ka sayi kaye guda irin na 'yan lakwal. Duk mara lafiyar da aka tura gaba a rubuta rana, ƙarfe nawa aka yanke shawarar tura shi, ƙarfe nawa mota ta zo, nawa dangi suka kashe, me ya faru a ƙarshe, ba sai an sa sunan kowa ba. A rubuta kwana nawa maganin masassara ya yanke, kwana nawa firijin allura bai yi aiki ba. Ni na yi wannan a shekarata ta biyu, ni da majo da wani dattijo na kwamiti. Da, in mun je gaban magajin gari muka ce muna shan wahala sai ya ce Allah ya kawo sauƙi, kowa na sha. Ranar da muka aje masa kayen a kan tebur ya riƙa buɗa shafi yana bin layi da yatsa, ya tsaya a kan wata mata da ta jira awa tara, ya tambaya wace unguwa ce, aka faɗa masa, sai ya yi shiru don unguwar kakanninsa ce. A zaman kasafin da ya biyo baya aka sa kuɗin man mota. Ba a gyara komai da komai ba, amma daga ranar ba mu sake haɗa jika-jika da tsakar dare ba.

Ku kuma duba maganar asusun jigilar marasa lafiya, akwai wuraren da ake ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita ana tarawa don man motar asibiti, ku tambayi shugaban likitocin gundumarku yadda abin yake a wajenku yanzu da aka canza farashi, in akwai asusun ku nemi a riƙa karanta muku lissafinsa a bainar jama'a. Kokenku kuma kada ya tsaya a baki, ku rubuta, mai gari da liman da shugabar mata su sa hannu, kofi ɗaya gunduma, ɗaya hukumar gari, ɗaya ofishin lafiya na jiha, ku aje naku. In kun haɗa kai da garuruwa uku huɗu na kusa da ku ya fi. Ku aiko wa reshen sandikar daktoci na jiha ma, ku ce ga abin da muke so ku sa a bakinku, ina ganin kunya kaɗai za ta sa a karanta.

In Allah ya sa aka sake turo muku wani, ragon ba laifi amma abin da ya fi rago shi ne ɗaki mai ƙofa da makewayi, ruwa, da ɗan sarari ya yi barci, a daina taso shi ƙarfe biyun dare don ciwon da ya kwana bakwai, a kuma daina jira sai naƙuda ta kwana biyu kafin a fito da mace. In mace ce aka turo, ungozoma ko dokta, ku tsare mata mutuncinta, ku haɗa ta da gidan dattawa da za su zame mata iyaye. Kuma ku dubi ajinku Malam, yarinyar nan ko yaron nan da ke ci a lissafi da kimiyya, ku tsaya masa ya wuce kwaleji ya kai lise, garin ya san da shi.

Iyakar abin da zan iya

Ni dokta ɗaya ne, ba ni ke tura ma'aikata ba kuma ba da sunan wata ƙungiya nake magana ba, abin da na gani a gefen da na yi aiki na faɗa maka, wanda ya yi aiki a Taskar cikin makiyaya masu tashi zai ba ka wani labarin daban don su matsalarsu ma ba ta gini ba ce, ta bin mutane ce inda suka koma. Ba zan yi maka alkawarin kaye da wasiƙa za su kawo muku dokta bana ba, kuɗin ƙasa kaɗan ne kuma tsaro na cin kaso babba. Sa'an nan a kan matar ƙanenka, ba zan iya yanke hukunci daga nesa a kan abin da ya faru ba, amma ina roƙonka abu biyu. In tun bayan haihuwar tana ganin fitsari na zubo mata ba ta iya riƙewa, kada ta ɓoye, a kawo ta Damagaram, ana gyara shi. In kuma ta sake samun ciki, ta fara awo da wuri ta gaya wa ungozoma duk abin da ya faru, kuma in watanta ya kama a kai ta ta zauna wajen dangi kusa da asibitin da ke da ɗakin opirasiyo tun naƙuda ba ta fara ba, musamman in an yi mata aiki a wancan karon.

Akwai taron da muke yi da wasu abokan aiki na gundumomi bayan damina in masassara ta lafa, in ka fara cika kayen ka ɗauki hoton shafukan ka turo mini, ka rufe duk inda suna ya fito, zan karanta su a wurin.